Rogon Baƙo da Rogon Gida

Suva,
Farkon Satumba.

Zuwa ga mijina, Baban Mereoni,

Bayan gaisuwa mai yawa da kewa, ina fata kana lafiya kamar yadda nake a nan. Yaya aiki, yaya sanyin Mildura, yaya kafaɗar nan da buhun lemu ya goge maka? Ka ce ta warke, amma na san halinka, Inoke, ko cirewa hannun ya yi cewa za ka yi da sauƙi. Ka gaishe da mutanen ɗakinku, har da mai leƙo kansa cikin waya duk sanda muke magana. Saboda shi ne ma na koma rubutu. A takarda zan riƙa rubuta maka in ɗauki hoto in turo, ka nemi gindin bishiyar lemu ka karanta kai kaɗai.

Kwandon Nana, mahaifiyarka, ya iso. Lokacin sabunta izinin ƙungiyarsu ya yi, dole su kawo samfurin soyayyen rogonsu a gwada. Sauran masu sana'a a kwali suke aiko da nasu, wasu ma a tsohuwar leda. Mahaifiyarka kuwa sabon kwando ta sa aka saƙa da ganyen kwakwa, ta shimfiɗa masa 'yar tabarma, ta jera ledojin, ta soke fure a sama. Anti Sarojini, shugabar ɗakin gwajinmu, ta ɗaga furen ta ce, "Torika, wannan surukar taki gwaji take so a yi mata ko aurena take nema?" Ita ta gwada da hannunta, tunda ni ba a bari in taɓa kayan dangi. Ya fita tas kamar kullum, ragowar kuma muka cinye da shayi.

Ni aikina na makon nan daban ne. Wata malamar firamare a can lardinku na Ra ta kai ƙara cewa yara na amai da jiri bayan an fita tara. Jami'an lafiya suka bi kantunan yankin suka sayo duk wani ƙwalam na leda da yara ke saya, suka juye kowanne a farar leda mara suna, sai lamba kawai, don kada mai gwaji ya san na wane ne. Na rogo aka ba ni.

Tunda kullum kana tsokanata cewa wankin kwalabe kawai nake yi da farar riga, bari in gaya maka. Rogo yana da gubarsa a jikinsa, wadda muke kira sayanayid, wani iri kaɗan, wani iri da yawa. Sai in daka soyayyen ya zama gari, in auna, in zuba a 'yar kwalba da ruwa da wani sinadari mai sa gubar ta saki jiki ta taso kamar tururi. In saƙala wata siririyar takarda rawaya a ciki yadda ba za ta taɓa ruwan ba, in toshe, in bar ta ta kwana. In babu komai, rawaya za ta wayi gari. In akwai, za ta koma ruwan goro, in ta yi yawa ta koma launin bulo. Daga nan a jiƙa takardar a ruwa, na'ura ta haska ruwan ta faɗi adadin gubar. Doka ta ce kada ta wuce miligiram goma a kilo.

Abin da ya hana ni zama wuri ɗaya shi ne, a cikin ledojin akwai wata da aka yanka rogonta a karkace, siriri har kana hango yatsanka ta ciki. Yankan Nana ke nan. Na gaya wa kaina cewa ba ita kaɗai ce mai wuƙa a Ra ba, kuma ai nata ya riga ya fita tas. Na daka na toshe na taho gida, amma sai da na sauka daga bas na tuna ban sayi burodi ba, ban kuma ɗauko lemata ba.

Na yi magana da Mereoni. Tana jin daɗin zama wajen Nana da makarantar garinku Korosina, ta ce ta fi kowa gudu a ajinsu. Sai dai Nana ta ce kwanan nan ciwon kai na damunta da yamma, ta yi amai ma wata rana. Wai zafin rana ne, tunda an daɗe ba a ga ruwan sama ba. Su Nana suna ta suya ba dare ba rana saboda babban taron mata na coci da za a yi a garin ƙarshen wata. An ce ɗakin ajiyar ya kusa cika.

Ka riƙa saka rigar sanyin nan ko da ba ta yi maka kyau ba.

Taka,
Torika

*

Suva,
Kashegari.

Baban Mereoni,

Ina gaisuwa, ina fata ka tashi lafiya, kai da abokan aikinka. Ka yi haƙuri da guntuwar gaisuwa.

Takardar ta koma launin bulo. Kwalaben suna jere a cikin akwatin ɗumi, duk rawaya, ɗaya ko biyu sun ɗan yi ruwan goro, sai ita kaɗai a tsakiya. Ban ma duba lambar ba na san wadda ce. Na fara neman laifi a wajena. Na duba kwalbar da ba a sa komai a ciki ba, wadda muke ajiyewa don shaida, rawaya take. Na duba wadda muka sa wa gubar da muka san adadinta, ta ba da daidai abin da ya kamata. Na'ura ta ce rogon nan ya ninka abin da doka ta yarda da shi wajen sau bakwai. Na wanke bututun na sake, ta maimaita mini maganarta.

Wallahi na tsaya da ledar a hannu ina tunanin abin da ba zan so ka ji ba. Daga baya na je na ƙwanƙwasa wa Anti Sarojini na ce, "Anti, ina jin na san mai wannan rogon." Ta dube shi ta dube ni. Ita ma ai ta ci yankan nan da shayi. Ta ce, "Cire safar hannunki ki je ki zauna. Daga yanzu wannan ba aikinki ba ne." Ta ce za ta sake gwadawa da kanta, sannan ta bi ta hanya ta biyu, wadda ake dafa samfurin a tara tururinsa a auna, domin ba a rufe wa mutane sana'a da shaida ɗaya. Ta kuma ce kafin a sa hannu a rahoto bakina ya zama a rufe. Na ce 'yata tana gidan. Ta turo mini kwanon rotinta, gurasar nan tasu, ta ce in ci. Ban iya ci ba.

Abin da ke juya mini kai shi ne, ta yaya na kwando zai fita tas, na kanti ya fito haka, alhali tukunya ɗaya ce, mata ɗaya ne? Kar ka ce mini Nana maguɗi take yi. Matar da ta taɓa bin direban bas har garin Rakiraki don ya manta da kabejinsa a ƙofarta ba za ta yaudari kowa ba. Kuma ni kaina duk zuwan da na yi Korosina sai an cika mini faranti da rogon nan, an cika mini jaka in taho da shi, ko ciwon ciki ban taɓa yi ba. Na yi ta zagaye ɗakin nan har maƙwabciyata ta ƙasa ta aiko a tambaya ko kaya nake jerawa.

Na kira Nana. Ba ni da ikon faɗa mata, sai na yi mata ƙarya, ƙaryar ma ta marasa dabara. Na ce likitan haƙori ya hana Mereoni cin soyayyen abu. Ta yi dariya ta ce, "Wane likita ne ya ga haƙoran yarinyar da ke gabana? Ku mutanen tsibiran Lau in ba kifi ba ba ku san abinci ba. Kwantar da hankalinki, 'yata, ai ba ma ba ta na leda, gutsattsarin da ke ragewa kawai take ɗan ci." Na roƙe ta dai. Ta ce to, irin to ɗin da take ce wa fasto in ya ce a rage shan yangona, jiƙon saiwar nan mai kashe jiki da ake sha a taro.

Ka san ni da surukata, ban taɓa ɗaga murya a gabanta ba, ita ma ba ta taɓa ce mini ko da matsa can ba. Tun ranar da ka kai ni gidan, sabuwar tabarma ake shimfiɗa mini, in na ɗauki tsintsiya a karɓe. Kowa na cewa na yi sa'a. Ni kuwa na sha gaya maka cewa na fi son ta zage ni sau ɗaya yadda take zagin ƙannenka. Yanzu ga shi ni ce na daka abin da zai rushe mata aikin da ta gina tun rasuwar mahaifinka, ita da matan da ke ciyar da gidajensu da shi. In kuma aka yi shiru, ƙarshen wata matan lardi guda da 'ya'yansu za su zauna su ci ɗakin ajiyar nan.

Ka kira ni in ka samu inda babu kunnuwa.

Matarka,
Torika

*

Suva,
Tsakiyar mako.

Inoke,

Ina gaisuwa, ina fata kana lafiya. Ni dai da sauƙi, in ana kiran wannan sauƙi.

Na kashe maka waya jiya, kuma ban yi nadama ba tukuna. Ka ce ƙila na'urarmu ce ta lalace. Ka ce ku da rogon nan kuka girma ba abin da ya same ku. Ka ce in bari ka dawo a Disamba ka yi mata magana a hankali. Disamba, Baban Mereoni? Kai da kake cewa in ƙwallon zari-ruga ta zo hannunka ba ka jiran kowa? Na san tsoron me kake ji. Kana tsoron a ce matarka 'yar boko ta ci amanar gida. Ni ma shi nake ji, amma ciwon kan ba a kanka yake ba, ba a kaina yake ba.

Gwajin Anti Sarojini ya fito, duka hanyoyin biyu sun ba da abu ɗaya. An buɗe lambar, sunan ƙungiyar Nana ne. Tun yau ake kwashe shi daga kantuna, mako mai zuwa kuma jami'in lafiya zai je Korosina da takardar dakatarwa. Na ce wa Anti ba zan yarda Nana ta ji wannan daga bakin wani saurayi mai takalmin gwamnati a tsakiyar gari ba. Ta ce yanzu an sa hannu, bakina nawa ne. Har ta ba ni kwalabe biyu da takardu biyu daga cikin na koyar da ɗalibai, ta ce, "Tsofaffi ba sa jin lamba, ido suke ji. Uwata ma haka take."

Na kira kawunka, Kawu Waisale, na ce ya jira ni a bakin titi ranar Asabar, shi zai yi magana a madadina. Ya ce, "Lafiya? Ko Inoke ya auro Baturiya ne kika zo ƙara?" Na sayi saiwar yangona mai kyau a kasuwa, tunda a al'ada ba a kai wa manya magana mai nauyi sai da ita, ga ta nan naɗe a jarida a kan tebur, ina wucewa ina kallonta.

Kada ka kira ta kafin in isa. Ka yi mana addu'a kawai. Na ce ban yi nadama ba, amma ina kewarka, kuma da kana nan da ban ji tsoro haka ba.

Torika

*

Suva,
Bayan dawowata daga Korosina.

Zuwa ga Baban Mereoni,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kafaɗa kuma ta yi sauƙi da gaske. Mereoni tana nan tare da ni, ta ce in gaishe ka. Ka bi ni a hankali, zan gaya maka yadda aka yi.

Ra ta bushe ƙamas, tsaunukan duk sun yi ja. Kawu Waisale ya shiga da ni, muka zauna a ƙasa daga bakin ƙofa, ya tura yangonar gaba ya yi jawabi yadda ya kamata, aka tafa. Nana ta dubi saiwar ta ce, "Yau kuma da yangona aka zo mini gidana? Wa ya mutu?" Kafin in buɗe baki ta sa an ɗauko sabuwar tabarma, an kawo shayi da faranti cike da rogo, kowane yanki kamar an auna shi.

A nan Mereoni ta shigo da gudu daga rumfar suya, rungume da tsohon gwangwanin biskit, bakinta duk mai. Ban san sanda na fizge shi ba. Gutsattsari ne da ƙonannu. Na ɗanɗana ɗaya, can ƙarshen harshe akwai ɗan ɗaci da gishiri da barkono suka rufe. Na ɗauki ɗaya daga farantina, babu. Yarinya ta fashe da kuka.

Na ce, "Nana, don Allah wannan na farantin daga ina rogonsa yake?" Ta ce daga bayan gida mana, gindin marmaro, irin mai zaƙin nan da marigayi ya dasa. Ta ce shi sai ta fere shi da kauri, ta yanka, ta jiƙa ya kwana biyu ana sauya ruwa, ta ɗan tafasa, ta shanya, sannan ya ga mai. Na ce na kwandon da ake kai mana fa? Ta ce shi ne dai. Na ce na leda fa? Ta ce ai tunda kantuna suka yi yawa gonarta ba ta isa, motar kaya ke kawo musu daga gonakin kan tudu, kuma da wane ruwan za a jiƙa buhu-buhu a wannan farin? A fere, a yanka, a jefa a mai.

Inoke, ko ɓoyewa ba ta yi ba, don ba ta ga abin ɓoyewa ba. Na ce mata samfuri ana so ne ya zama irin wanda ake sayarwa. Ta dube ni kamar na ce ta fita ba zani. Ta ce, "Mutanen gwamnati sun aiko suna so su ɗanɗana abincina, sai in kwaso musu na kasuwa? A gidan wa aka taɓa yi wa baƙo haka?" Na ce, "To ni fa, Nana?" Ta ce, "Ke ma ai haka." Da zuciya ɗaya ta faɗa, kuma ya fi mini zafi da ta mare ni. Shekara da shekaru ana kare ni daga gubar nan saboda ni baƙuwa ce, 'yata kuma tana ci saboda ita 'yar gida ce.

Na yi mata bayani iya iyawata, cewa rogon tudu mai ɗaci ne, fari kuma yana ƙara masa guba, mai mai zafi ba ya korar ta, jiƙon nan da tafasawar da take yi don girmama baƙo su ne ke fitar da ita. Na gaya mata zancen yaran makaranta da jami'in da ke tafe. Fuskarta ta rufe. Ta ce ita ba ta taɓa ba ɗan kowa guba ba. Sai na fito da kwalaben. Na ce ta daka na farantin da hannunta ta zuba a ɗaya, ta daka na gwangwanin Mereoni ta zuba a ɗaya. Ta yi, ba ta kalle ni ba. Na zuba ruwan, na saƙala takardun, na toshe. Ita ta zaɓi inda za a ajiye su, a kan kanta ƙarƙashin hoton mahaifinka. Kawu Waisale ya ce, "Oh, mun bar fasto mun bar mai gari, yanzu takarda ce alƙali. Torika, in ta gama da rogo ki saƙala mini ɗaya a bakin matata." Ba wanda ya yi dariya sai shi.

Ranar Lahadi ban ji ko kalma ɗaya ta wa'azi ba. Muna dawowa, da fararen kayanmu, matan ƙungiyar suka biyo mu, don labari ya riga ya zaga. Muka tarar da takardun kwalaben, ɗaya rawaya, ɗaya launin bulo, ko daga bakin ƙofa ana gani. Nana ta ɗauki mai duhun ta ɗaga ta saitin taga. Ta ce, "Wannan ce ta Mereoni?" Na ce i. Ta ce, "Ciwon kan nan?" Na ce ina jin haka ne.

Ta ajiye kwalbar ta fita. Ka san Lahadin Korosina, ko tsintsiya ba a ɗauka. Mahaifiyarka ta buɗe ɗakin ajiya da kayan cocinta, ta ɗora buhu a ka ta nufi bayan gari. Wata ta ce a bari sai gobe, wata ta ce a ba aladu kada a yi asara. Na ce ko aladu kada a ba. Nana ta ce, "Wanda Lahadinsa ta fi jikarsa ya koma ya zauna." Fasto da kansa ya cire kwat ya ɗauki shebur. Kafin la'asar an binne komai. Ba duka suka taya ba. Biyu daga cikin matan sun tsaya daga nesa da hannu a ƙugu, ɗaya ta ce yadda zan ji, an kawo 'yar tsibiri ta rufe musu baki.

Ranar Litinin na kai Mereoni asibitin yanki. Nas ta duba ta ta ce in dai ta daina ci jiki zai wanke kansa, a riƙa ba ta kifi da ƙwai. Muna dawowa na tarar da jakar yarinyar a bakin ƙofa, an haɗa komai har da takalmin coci. Ni ban ce zan tafi da ita ba. Nana ta ce, "Ki tafi da ita. Ban iya riƙo ba." Ta shige ɗaki. Na tsaya ina ce wa labule ba haka ba ne, labule bai amsa ba. Kawu Waisale ne ya raka mu bakin titi, kuma karo na farko na hau bas daga garinku hannu wofi.

Na yi abin da ya kamata, na sani, amma ban ji daɗin komai ba. Ina kiranta ba ta ɗauka. Kai ka kira ta yanzu, kar ka yi mata zancen rogo, ka tambaye ta ƙafarta kawai.

Taka,
Torika

*

Suva,
Ƙarshen Oktoba.

Mijina Baban Mereoni,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya. Na ji an koma tsinkar wani irin lemun, Allah ya ba da ƙarfi. Na gode da kiran da kake yi wa Nana. Ban ce ka yi daidai tun farko ba, amma ka gyara.

Ka san an yi taron ba da rogonsu ba, ka san matan nan biyu sun fita daga ƙungiyar. Abin da ba ka sani ba shi ne Nana ta zo Suva. Ina cikin aiki mai gadi ya ce wata tsohuwa na nemana, ta ƙi zama. Na fita na same ta tsaye da kwalin taliya ɗaure da igiya, ba kwando, ba fure, tana kare shi da jikinta don kunya. Ta ce ba wajena ta zo ba, a kira mata shugaba.

Ta gaya wa Anti Sarojini cewa sun daina sayen rogon tudu, sun tara ganguna a gindin marmaro, yanzu duk abin da zai shiga mai sai an jiƙa an tafasa. Rabin abin da suke yi a da ma ba sa samu. Ta buɗe kwalin ta ce, "Rufe idonki ki ɗiba, 'yar nan. In ni na zaɓa, masu kyan zan ba ki." Anti ta rufe ido ta ɗiba. Sannan ta ce wannan na sanin inda aka kwana ne kawai, kafin a mayar da izini jami'ai za su je rumfar su ɗiba da kansu. Nana ta ce, "Su je. Amma kada a gaya mini ranar, hannuna ba ya jin magana, sai na yi musu na baƙi." Sai ta zaro gwangwanin biskit ɗin nan daga jakarta ta ɗora a sama. Ta ce a fara da shi, shi yaran gida ke ci.

A wajena ta kwana, tunda sai takarda ta kwana. Mereoni ta maƙale mata, ita kuwa ta ƙi ko shafa kanta, ta ƙi cin abinci, ta zauna a ƙasa da jakarta a cinya kamar mai jiran bas. Ni ma ban zauna ba. Na goge murhu, na sake goge shi.

Da hantsi Anti ta kira mu ciki, ta sa wa Nana farar riga a kan kayanta, ta buɗe akwatin ɗumi. Duk rawaya, har da ta gwangwanin. Na'ura ma ta ba da ƙasa da abin da doka ta ce, da rata mai kyau. Nana ta daɗe tana kallo. Ta ce, "To." Ta cire rigar ta ninke ta miƙa.

Da muka koma gida ta ɗauki Mereoni ta ɗora a cinya, ta duba kanta ta ce wa ya yi mata wannan kitson kamar an yi faɗa. Ta shiga kicin ɗina ta ɗaga tukunya ta ce, "Torika, wannan tukunya ce ko gindin kwalekwale? Mace har mace, kin iya wanke kwalaben gwamnati ba ki iya wanke naki ba. Kawo soso." Na kawo. Ta ce ba ita za ta wanke ba, ni zan wanke tana kallo. Ina cikin gurza ta juye ragowar gwangwanin a wani tsohon kwanon roba ta turo mini da ƙafa. Na ce ga masu kyau can a kwali. Ta ce, "Waɗancan na mutane ne. Ci wannan."

Sun ƙone, Inoke, gishirin ma ya yi yawa. Na zauna a ƙasan kicin da kumfa a hannu na cinye su, ina kuka, tana ce mini in daina ɓata mata abinci da majina.

Jiya suka koma Korosina ita da Mereoni. Ta ce in zo ranar Asabar da tsofaffin kaya, akwai rogon da za a fere, kuma kada in sa ran tabarma.

Ka gaishe da mutanen ɗakinku, har da mai leƙen. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka mai kewarka,
Torika